Dala Ta Tashi, Kuɗin Cefane Yana Nan Jiya-i-Yau

Tsokacina na wannan fitowa a kan magidanta ne. Na san wasu za su ce Malam ya shiga sharo ba shanu. To a daure a karanta har ƙarshe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk wanda yake zama a majalisun unguwar nan bayan sallar isha'i, ko a teburin mai shayi da hantsi, zai rantse cewa babu inda ya kai Sabon Ibadan yawan masana tattalin arziki. Kuma gaskiya ana sanin abin da ake faɗa. Za a gaya maka ranar da aka cire tallafin man fetur, 29 ga watan Mayun 2023, a jawabin rantsar da Shugaba Tinubu. Za a tuna maka cewa litar da ake saya ƙasa da N200 ta koma wajen N500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura N1,000. Maganar dala kuwa ba a koya wa ɗan Sabo, unguwar 'yan canji ce. Yaron da ke tare motoci a bakin titi yana kiran "dala, fam" zai ba ka labarin yadda aka saki naira a watan Yunin 2023, da yadda dalar da ake canzawa wajen N750 a hannunsu ta wuce N1,800 a watan Fabrairun 2024. Wani ma har alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa zai kawo maka, ya ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024, ta abinci kuma ta taɓa kashi 40.

Kada wani ya ɗauka na zo wanke gwamnati ne. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. An cire tallafi ba a tanadi abin da zai tare talaka ba, sannan aka bi shi da sakin naira tsakanin mako biyu zuwa uku, kamar wanzamin da ya haɗa wa mutum ƙaho da cire haƙori rana ɗaya. Kason da gwamnoni ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, amma talaka bai ga alamarsa a tukunya ba. Mu mazauna kudu kuma mun faɗa tsakiya: idan ana rabon tallafi a nan, a ce ba 'yan asalin jiha ba ne mu, idan a gida ake yi, a ce ai ba ma nan. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya faɗe shi a majalisa bai yi laifi ba.

Inda nake da magana shi ne abin da ke faruwa idan majalisa ta tashi.

Wannan bawan Allah da ya gama lissafin dala da fetur, da safe zai sa hannu a aljihu ya ajiye wa maiɗakinsa N2,000, daidai abin da yake ajiyewa tun kafin zaɓen 2023. Idan ta ce, "Maigida, wallahi ba ya isa," sai ya haɗe rai ya ce, "Ki yi maneji mana. Ke ba ki san halin da ƙasa take ciki ba?" Jama'a, wa ya kai ta sanin halin da ƙasa take ciki? Shi a baki ya san hauhawar farashi, ita kuwa da ita take kwana take tashi, don ita ce ke tsayawa gaban tukunya da yara shida suna kallon hannunta.

Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda muke yi. Babu ɗan kasuwar da ke sayar da kaya a kan kuɗin da ya saro su jiya. A kan kuɗin da zai sake saro su gobe yake sayarwa, in ba haka ba jari ya narke. Mai goro yana yi, mai albasa yana yi, mahauci yana yi, ɗan canji kuwa sau nawa yake sauya farashi kafin azahar? Idan mai saye ya yi ƙorafi sai mu ce, "Ba laifina ba ne, daga sama abin ya tashi." Mun yarda da wannan ƙa'ida a rumfa, mun yarda da ita a kara, mun yarda da ita a tasha. Amma da matar gida ta zo mana da ita sai ta zama almubazzara marar godiya. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Abin dariya, abin takaici, shi ne yadda maigida yake komawa sak gwamnatin da yake zagi. Gwamnati ta ce wa talaka ya ƙara haƙuri, daɗi na nan tafe; shi ma ya ce wa matarsa ta ƙara haƙuri. Gwamnati ba ta son a tambaye ta ina kuɗin tallafin da aka cire suka shiga. Shi ma ba ya son a tambaye shi nawa ya samu yau. Ma'aikatan gwamnati dai suna da ƙungiyar ƙwadago. A watan Yunin 2024 sun tafi yajin aiki har suka kashe wutar ƙasar nan baki ɗaya, a watan Yuli aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga N30,000 zuwa N70,000, Gwamna Makinde ma ya amince da N80,000 a nan Oyo. Matar aure a Sabo wace ƙungiya gare ta? Wa zai zauna teburin sulhu a madadinta? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bari mu yi lissafin a fili, tunda mu mutanen lissafi ne. Buhun shinkafa mai kilo 50 da ake saya tsakanin N30,000 da N40,000 kafin cire tallafi, a ƙarshen 2024 ya wuce N80,000. Ke nan kongon shinkafa a Bodija ya ninka har da ɗoriya. Wake, garin rogo, manja, man gyaɗa, babu wanda ya tsaya inda yake. Wanda yake ba da N2,000 a wancan lokaci, a ƙarshen 2024 kuma yake ba da N2,000, a haƙiƙa ya rage kuɗin cefanen gidansa zuwa ƙasa da rabi, ko da yake takardun da yake miƙawa ba su canza ba. Idan yaron shagonka ya yi maka irin wannan lissafi a kan kayanka, ranar zai bar shagon.

Sannan mu tuna cewa zaman Sabo daban yake da zaman gida. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, a kan fatauci take tsaye, goro da shanu da abin da ya biyo bayansu. Ba mu da rumbu a nan. A ƙauye ko aljihun maigida ya bushe, akwai damin gero, akwai kuka da kuɓewa busassa, akwai kara a bayan gida, akwai rijiya. A nan kuwa komai sai an saya. Ruwa sai an kira ɗan garuwa. Wuta sai gawayi ko gas, kalanzir ma ya fi ƙarfin talaka. Niƙa da kuɗi, markaɗe da kuɗi, zubar da shara da kuɗi. Tumatir da tattasai da albasar da muke gani kamar namu ne, tunda 'yan uwanmu ke kawo su, sai sun yi tafiyar kwana da kwanaki a bayan mota daga Kano ko Sakkwato ko Zariya, an sha musu gas, an biya kuɗin shingaye a hanya, kafin su sauka a Ibadan. A cikin wannan N2,000 ɗin dai ake so a fitar da sabulu da omo, da kuɗin tara na 'yan boko, da kuɗin laraba na makarantar allo, da kuɗin Micra ko keke idan za a je kasuwa, da farasitamol idan yaro ya kwana da zazzaɓi. Haba jama'a!

To amma ga shi kullum ana sauke tukunya. Maigida ya dawo ya tarar da tuwo a rufe, ya ci ya yi hamdala, ya ce ashe dai yana isa. Bai taɓa tambayar kansa daga ina cikon ya fito ba. Ni zan gaya masa, don wanda ke zaman sulhu tsakanin ma'aurata yana jin abin da ba a faɗa a majalisa.

Cikon yana fitowa daga jarin 'yar sana'ar da take yi a cikin gida, awara ko waina ko ƙuli-ƙuli ko kunun aya. Riba ake fara ci, daga nan a shiga uwar kuɗi, wata rana a wayi gari babu sana'ar. Yana fitowa daga adashin da ta yi shekara tana zubi don kayan ɗakin 'yarta. Yana fitowa daga ɗan kunnen zinariyar da uwarta ta saya mata ranar aure, wanda ya bi hannun dillaliya a ɓoye. Idan waɗannan suka ƙare sai a faɗa bashin nan na mako-mako da ake bai wa mata rukuni-rukuni, mai ruwa a kai, wanda maƙwabtanmu Yarabawa da kansu suka laƙaba wa suna saboda zafinsa. Ranar biya ta zo babu kuɗi, sai ka ga matar aure tana ɓuya a gidan maƙwabta kamar ɓarauniya, ga zunubin riba, ga tozarci. Wata kuma cikon daga cikinta yake fitowa: ta zuba wa yara, ta rufe na maigida, ita ta kankare ƙanzo ta sha ruwa ta ce ta ƙoshi, alhali tana shayarwa ko tana da juna biyu.

Mafi ciwo a ciki shi ne talla. Yarinya 'yar shekara goma ko sha biyu, lokacin da sa'o'inta ke aji, ita tana ratsa motoci a shataletalen Mokola da faranti a ka. Da magariba tana tsakanin 'yan tasha da masu gadi. Mu ne za mu hau mumbari mu yi Allah wadai da talla, mu ne za mu zauna a majalisa mu ce matan yanzu ba su da tarbiyya. Ruwa ba ya tsami banza. A gidaje da yawa, farantin tallan nan giɓin kuɗin cefane yake cikewa, kuma uban yarinyar ya sani, ya kau da kai ne kawai don abin ya yi masa sauƙi.

Yawancin rigingimun da ake kawowa gaban limamai da dattawan unguwa da wani suna suke zuwa. Miji zai ce ta raina shi, ba ta gaishe shi, ta ɗaga masa murya gaban yara, tana fita ba izini. Idan aka bi zaren a hankali, sai a tarar ƙarshensa yana ɗaure a ƙafar murhu. Fitar da ta yi ba izini, rance ta je nema. Muryar da ta ɗaga, kwana uku ke nan tana faɗa a hankali ba a ji ba. Sannan wadda aka auro daga Gusau ko Illela ko Haɗeja ba ta da gidan uban da za ta je ta huce, kuɗin motar kaɗai ya fi kuɗin cefanenta na mako biyu. Ba mu kuma da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati a jihar nan kamar yadda ake da su a Kano ko Katsina. Wannan ya sa nauyin da ke kan limamai da fadar Sarki da dattawa ya fi na takwarorinsu na gida.

Addini bai bar wannan magana a duhu ba. Ciyar da mace wajibi ne a kan mijinta, ko da ta fi shi dukiya, kuma abin da ta samu a sana'arta nata ne, sai abin da ta bayar da daɗin rai. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora ciyarwa a kan gwargwadon halin miji, mai yalwa da nasa, mai ƙunci da nasa. Malamanmu na Malikiyya kuma, kamar yadda duk wanda ya karanta babin ciyarwa a Mukhtasar na Shehu Halilu ya sani, sun ce wajen ƙaddara ta ana duba ƙarfin miji, da matsayin matar, da garin da ake zaune, da kuma farashin kaya a lokacin. A lura da biyun ƙarshe. Tun ɗaruruwan shekaru malamai suka san cewa ciyarwar birni daban da ta ƙauye, ta lokacin tsada daban da ta lokacin araha. Wanda ya daskarar da kuɗin cefane a kan farashin shekara biyu da suka wuce, alhali yana da halin ƙarawa, bai sauke wajibi ba ko da kullum yana ajiye wani abu.

Akwai kuma ƙissar Hindu 'yar Utba, matar Abu Sufyan, Allah Ya yarda da su, wadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ta kai kuka wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mijinta mai riƙon hannu ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta. Bai kore ta ba, bai kira ta marar godiya ba. Izini ya ba ta ta ɗauki abin da zai wadace su gwargwadon al'ada. Ban kawo wannan don iyayenmu mata su fara laluben aljihun riga da dare ba, a'a. Na kawo shi ne don masu wa'azin da ba su da abin faɗa wa mata sai haƙuri da biyayya su tuna cewa babin yana da shafi biyu. Haƙuri ibada ne, amma ba a mayar da shi bargon da za a lulluɓe zalunci.

Na san abin da za a ce mini: "Malam, ai babu ne. Wanda ba shi da shi fa?" Wannan tambaya ce ta gaskiya. Akwai mai tura baro a Bodija, da mai gadi, da mai wankin takalmi, da ɗan acaɓan da fetur ke cinye rabin abin da ya samu, wanda wallahi duk abin da ya shigo hannunsa gida yake kaiwa. Wannan ba da shi nake ba, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, kuma haƙƙinsa ne a kan masu hali na unguwa su neme shi da zakka da sadaka tun bai roƙa ba. Abin da kawai zan ce masa, ya riƙa gaya wa matarsa gaskiyar abin da ya samu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mace tana iya jure babu idan ta san babun ce. Abin da ba ta iya jurewa shi ne ta ga alamar akwai a waje, a gida kuma a ce mata babu.

Da mai irin wannan hali nake. Wanda zai karya da shayi mai kauri da ƙwai uku da Indomie a teburin mai shayi, abin da ya kashe shi kaɗai ya kusa kuɗin da ya bar wa mutum takwas. Da rana a kawo masa amala da nama daga buka, da dare ya tsaya wurin mai tsire ya ci a tsaye ya goge baki kafin ya shiga gida. Wayarsa ba ta rabuwa da data, saboda muhawarar siyasa a Facebook da WhatsApp. Wani har cacar ƙwallo yake bugawa a wayar, yana kiranta gwada sa'a. Wani kuma gidan da yake ciki bai ƙoshi ba, amma yana kai kayan na-gani-ina-so wani gidan, yana cewa sunna zai raya. Sunna ba ta tsaya a ɗaura aure ba, har da ciyarwa da adalci.

Akwai wani nau'in da ya keɓanta da mu mazauna nesa da gida, kuma sai an yi hattara wajen faɗarsa. Mutum yana tura kuɗi arewa duk wata, yana gina gida mai ɗakuna shida a garinsu wanda sai da babbar salla yake kwana a ciki, duk bikin dangi da sunansa a sahun gaba, don a ce wane na Ibadan ya yi arziki. Iyalinsa kuwa suna cunkushe a ɗaki ɗaya na haya suna cin garau-garau ba mai. Ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne, babu mai jayayya, zumunci kuma abin so ne. Amma bulo da kwanon rufi ba sa gaban cikin 'ya'yanka, kuma yabon 'yan garinku ba zai tsaya maka ba ranar da za a tambaye ka abin da aka ba ka kiwo.

Iyayenmu mata, ku ma ga naku kaɗan, don in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ankon biki uku a wata ɗaya, da gasar kayan ɗaki, da "wance ma mijinta ya saya mata," ba na wannan zamani ba ne. Wadda aka ƙara mata kuɗin cefane ta karkatar da shi zuwa adashin anko ta ci amana, kuma ta ba masu riƙon hannu hujja a kan sauran mata.

Wannan magana tana da alaƙa da siyasar da muke so mu yi ta tattaunawa. Duk lokacin zaɓe za ka ji maza suna cewa mata ne suka sayar da mu, an ba su taliya da atamfa da sabulu sun dangwala. To wa ya bar gidan a buɗe? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matar da ta kwana biyu tana dabarar abin da za ta ɗora, idan aka miƙo mata ƙullin taliya da N2,000 ba za ta tsaya nazarin manufofin jam'iyya ba. Ɗan siyasa ya san gidan da ake yunwa, can yake kai hajarsa don can ƙuri'a ta fi araha. Ga 2027 tana tafe. Wanda yake so iyalinsa su yi zaɓe da hankalinsu, ya fara da cika musu tukunya.

Shawarata ba mai wuya ba ce. Kowane magidanci ya ware rana ɗaya, ya karɓi jerin abin da ake saya a gidansa, ya riƙe daidai kuɗin da ya saba bayarwa, ya shiga Bodija ko Oja'ba da ƙafarsa ya gwada. Abin da ya gani ya ishe shi wa'azi. Bayan haka ya zauna da maiɗakinsa ko da sau ɗaya a wata, su yi lissafi kamar yadda yake yi da abokin cinikinsa, a ga me ya tashi, me ya sauka, me za a rage. Idan kaya sun sauko ita ma ta faɗa. Mai hali ya sayi hatsi da mai da gawayi a dunƙule, kuɗin hannu ya zama na kayan miya kawai. Waɗanda ba za su iya buhu su kaɗai ba su haɗu huɗu ko biyar su saya su raba. Abin kunya ne a ce 'yan uwanmu ne ke sauke motocin abinci a garin nan amma matanmu na sayen gwangwani-gwangwani a farashin ƙarshe. Masu zaman sulhu kuma, kafin a ce wa mace ta durƙusa ta ba da haƙuri, a tambayi mijin nawa yake bayarwa, mutum nawa ke ci, kuma yaushe rabon da ya ƙara.

Farashin dala ba a hannunmu yake ba, na fetur ma haka, sai dai mu yi addu'a mu kuma yi zaɓe da idonmu a buɗe. Amma abin da kake ajiyewa a kan tabarma da safe kafin ka fita, wannan a hannunka yake, kuma kai za a tambaya a kansa.

Allah Ya yalwata mana arzikinmu na halal, Ya ba shugabanninmu tausayin talakawa, Ya ba mu tausayin waɗanda ke ƙarƙashinmu. Allah Ya zaunar da Sabo da jihar Oyo da Nijeriya lafiya.